Wasiƙa daga Amurka: sannu sannu kwana nesa

Assalamu alaikum, 'yan uwa na gida. Da fatan kuna lafiya, da iyali da sauran jama'a.

Duk wanda ya ji a nan cewa jirgin ƙasa nake shiga idan doguwar tafiya ta taso, sai ya dube ni da tausayi ya ce, ba ka san yana latti ba? Na sani mana. Wani lokaci awa ɗaya, wani lokaci rabin yini. Duk da haka ina shiga, kuma dalilin nake so in baje muku.

Akwai jirgin da ake kira California Zephyr, na kamfanin Amtrak da gwamnati ta kafa a 1971. Yana tashi daga Shikago da rana, ya ratsa jihohi 7, ya ƙare a Emeryville kusa da San Faransisko, tafiyar kusan kilomita 3,900. A takarda awa 51 da ɗoriya ne, kwana biyu a hanya. Jirgin sama bai cika awa biyar ba ya kai ka.

Lattin yana da sanadi. Yawancin layin dogon da jiragen fasinja ke bi a wajen arewa maso gabashin ƙasar mallakin kamfanonin dakon kaya ne, jirgin fasinja baƙo ne a kai. Tun 1973 doka ta ce a fara ba fasinja hanya. To amma wurare da yawa layi ɗaya ne tak, sai ɗan reshe a gefe inda jirgi ke ratsewa wani ya wuce, jiragen kaya kuwa sun yi tsawon da reshen ba ya ɗaukar su. Wa zai ratse? Gajeren, wato mu. Ga zafi, da ke sa ƙarfe ya miƙe har a rage gudu. Ga dokar da ta hana direba wuce awa 12 a bakin aiki, idan lokacinsa ya cika a tsakiyar daji sai a tsaya a jira a kawo wani.

Abin da mai jirgin sama ba zai taɓa gani ba yana farawa ne da safiyar rana ta biyu, bayan an bar Denver. Jirgin na hawa duwatsun Roki yana lanƙwasa, idan kana taragon baya sai ka hango kansa can gaba yana shiga rami. Ramuka fiye da 20 a jere, sannan babban, na Moffat, da aka buɗe a 1928, tsawonsa kusan kilomita 10. Kafin a shiga kwandasta zai yi sanarwa kowa ya zauna inda yake, kada a buɗe ƙofar tsakanin taragu saboda hayaƙin inji. Minti goma cikin duhu. Daga nan jirgi ya bi kogin Kolorado awanni, ta cikin kwazazzabai da wasunsu babu hanyar mota. Akwai tarago guda mai gilashi har rufi, kujerunsa suna fuskantar taga. Wanda bai yi sammako ba sai tsayuwa.

A taragon nan ake sanin mutane. Ba ka da inda za ka, su ma haka, intanet kuma ta ɗauke. Tsohuwar da ke tsoron jirgin sama, ɗalibin da ya taho da kayansa duka, magidancin da ya yi ritaya yana zagaya ƙasa, kowa sai ya kwance bakin jakarsa. A taragon cin abinci ma ba a tambayar ka da wa kake son zama, inda gurbi yake nan za a ajiye ka. Na lura idan jirgi ya tsaya cak babu bayani, mintin farko kowa na duba agogo, can kuma sai hira ta ɓarke har a manta ana tsaye.

Wani abin da ban ji ana faɗa ba: an tsara lokacin ne yadda za a ratsa duwatsu da rana, a kwana a filayen Nebraska da hamadar Yuta. Idan aka yi latti sosai tsarin ya goce. Kana iya rasa ƙarshen kwazazzabai cikin duhu, amma gari ya waye maka a wurin da fasinjojin jiya suka wuce suna barci.

Ba kowa wannan daɗin ya shafa ba, gaskiya. Mai jira a ƙaramar tasha da tsakar dare, a garin da jirgi ɗaya ne ke bi ta kowace fuska a rana, shi lattin cutarwa ce zalla, kuma yana da haƙƙin ya yi ƙorafi. Haka mai zuwa asibiti ko jarrabawa. Wanda zai zo daga cikinku ya gwada, kada ya yanki tikitin jirgin sama na ranar da zai sauka. Ya bar kwana guda a tsakani, ya taho da bargo, don sanyin cikin tarago da dare ba wasa ba ne.

A gaida kowa da kowa.