Talata: zuƙowar da ta ƙi tafiya sumul

Yau ban fita aiki ba, ranar gaba ɗaya ta tafi wajen neman abin da ke sa hoton kyamarata fizga idan ina zuƙowa a hankali. Jiya muka ɗauki hira da wani dattijo marini a Ƙofar Mata a Kano, marinar nan da ake cewa tun 1498 ake rini a cikinta. Darakta ya ce yana so in fara daga nesa, ramukan baba da hannayen tsohon duk a cikin hoto, sannan in riƙa matsowa sannu sannu har fuskarsa ta cika allo ba tare da mai kallo ya farga ba. Da safen nan edita ya kira ni tun ban karya ba. "Oga, zo ka ga zumin ɗin nan naka, tafiya yake yana cijewa." Na je ofis a titin Gidan Zoo na gani da idona. Gaskiyarsa. Hoton yana matsowa, ya ɗan tsaya, ya zabura, kamar ɗan koyon tuƙi da bai iya sakin kuloci ba.

Edita ya riga ya yanke hukunci, wai kyamara ta tsufa a sayar. Yara suna da saurin kashe kayan da ba su suka saya ba. Na ce masa ya dakata, irin wannan fizgar wuri uku take fitowa: ko allon da muke kallo, ko saitin da aka ɗauka da shi, ko kuma shi kansa injin da ke juya lens. Kowanne maganinsa daban, kuma biyu daga ciki ko sisi ba sa ci.

Da allo muka fara. Kyamarata firam 25, wato hotuna 25 a jere, take ɗauka a daƙiƙa, domin mu nan ƙasar tsarin talabijin na PAL muka gada, wutar lantarkinmu ma 50 take bugawa a daƙiƙa, ba irin ta Amurka mai 60 ba. Allon kwamfutar edita kuwa sau 60 yake sabunta hoto a daƙiƙa. Raba 60 da 25 ka gani, 2.4 za ka samu, ba ya rabuwa daidai. Dole wani firam ya zauna sau biyu, na bayansa sau uku, haka za su yi ta karɓa-karɓa. Idan mutum yana zaune yana magana ba wanda zai lura, amma motsi mai tafiya a hankali da gudu ɗaya, irin zuƙowa ko juya kyamara gefe, nan take yake tona asirin. Muka kwafe hoton muka saka a talabijin ɗin ɗakin baƙi, wadda ke iya nuna 50. Fizgar ta ragu sosai, har edita ya yi shiru na ɗan lokaci. Amma ba ta tafi duka ba.

A nan ma na leƙa taimlayin ɗinsa, wato layin da yake jera hotuna a manhajar haɗa fim, na tarar a kan firam 30 ya buɗe aikin, wai saboda akwai wasu hotunan waya da darakta ya turo masa. Ke nan manhajar tana maimaita firam ɗaya cikin kowane biyar don ta cike gurbi. Na ce, "Ƙanena, wannan fizgar taka ce, ba tawa ba. Mayar da shi 25, hotunan wayar su bi namu."

Sai saitin ɗauka. Hantsi ya ɗaga lokacin da muka yi hirar, hasken marina kuma ba ya wasa, ga farin hazon hunturu ya baza shi ko'ina. Yaron da ke taya ni ya saita kyamara kafin in iso, ya bar shata, wato tsawon lokacin da kowane firam ke shan haske, a kan otomatik, ita kuma da ta ga haske ya yi yawa sai ta cilla shi can gudun da ya wuce 1/500 na daƙiƙa. Ƙa'idar da masu fim suka daɗe a kai ita ce shata ya ninka yawan firam, wato 1/50 ga mai ɗaukar 25. A haka kowane firam yana ɗauke da ɗan dishi-dishin motsi, shi ne ke ɗinke firam da firam a idon mai kallo. Idan shata ya yi sauri kowane hoto zai fito tar, da kyau idan ka tsayar da shi, amma idan suka jeru sai gefen abubuwa ya riƙa tsalle. Maganin hasken rana yana jikin kyamarar, gilashin rage haske na ND, mai 1/4 da 1/16 da 1/64. Shi ake juyawa a bar shata a inda yake. Wannan na jiya ya riga ya shiga hoto, ba a cire shi, sai dai a kiyaye gaba.

Bayan azahar na dawo gida da kyamarar, domin akwai wata cijewa guda da allo da shata ba su bayyana ba. Ita a wuri ɗaya take zuwa kullum, daidai lokacin da kafaɗun tsohon suka fara fita daga hoto. Na manna shafin jarida a bango, na kafa kyamara a kan ƙafarta na ɗaure, shata 1/50, fokas da hannu, buɗewar haske ma da hannu. Waɗannan biyun suna da dalili. Fokas na otomatik yakan yi ta lalube yayin da ake zuƙowa, hoto ya ɗan kumbura ya koma, mutum ya zata zum ne ya fizga. Lens irin nawa kuma yana rage shan haske idan an zuƙo ƙarshe, to idan kyamara ce ke gyara hasken da kanta, mataki-mataki take yi, sai a ga hoto yana ƙifta ido. Na kashe mai hana girgiza shi ma. Shi aikinsa a kafaɗa ne. Idan kyamara tana kan ƙafa, motsin da ka yi da gangan a hankali yakan ɗauke shi a matsayin rawar hannu, ya riƙe hoton, sannan ya sake shi gaba ɗaya.

Na fara da maɓallin zum na gefen hannu, wanda gudunsa ya danganta da yadda yatsa ya danna. Ya cije. Amma wannan ba hujja ba ce, yatsa ba inji ba ne, kuma maɓallin yana da wani ɗan fili a tsakiya da ba ya amsawa, kana wuce shi sai ya zabura. Ƙura ma tana shiga ƙarƙashinsa, balle a wannan watan. Sai na koma maɓallin saman mariƙi, wanda ake ɗaure gudunsa a cikin menu, yatsa ba ruwansa. A gudu mafi ƙanƙanta ya cije a wurin nan dai. Na ɗan ƙara gudu, ya wuce sumul. Na jona rimot ɗin zum mai waya, irin na LANC, da nake ɗaurawa a hannun ƙafar kyamara, shi matakan gudu takwas yake da su kowane ɓangare, labarin bai canja ba: matakin farko yana cijewa, na uku lafiya lau. Hanya uku daban-daban suna ba inji ɗaya umarni, duk suna tuntuɓe a waje ɗaya. Na mayar da lens kan juyawa da hannu, na rufe ido ina murza zoben sannu, sai na ji ɗan tauri a tsakiyar tafiya, kaɗan ne ƙwarai. Na kwafe gwajin na bi shi firam bayan firam. Haruffan jarida suna girma daidai wa daida, sai firam biyu su tsaya cak, na gaba ya yi tsalle ya rama.

Da la'asar na kai wa dattijon da ke gyara mana kyamarori. Ya murza zoben a kusa da kunnensa kafin ya ce komai. "Malam, giris ne ya bushe ya haɗu da ƙura. Injin ƙarami ne, a ƙaramin gudu ba shi da ƙarfin ture taurin, sai ya tara ƙarfi sannan ya ɓalle." Na ce, "Baba, ba za a ɗan fesa masa wani abu ba?" Ya kalle ni ta saman tabarau. Ya ce duk wanda ya fesa wa lens mai, ya jira ya ga man ya malala kan gilashin ciki, daga nan kuma sai sabon lens. Dole a kwance shi a wanke a sa giris ɗin da ya dace, bayan an mayar kuma a sake daidaita fokas ɗin baya, in ba haka ba za ka saita fokas a kusa, kana ja baya hoto ya dushe. Aikin mako guda ne a wajensa. Mu kuma jibi za mu koma marina.

Na kira darakta na shimfiɗa masa zaɓi. Ko mu yi zuƙowar a mataki na uku, ta ɗan fi sauri fiye da yadda yake so, ko in fara daga bayan inda lens ke cijewa, ko kuma in sake ɗaukar hirar a 4K, wato hoto mai ɗigo 3840 da 2160, kyamara a tsaye ba motsi, edita ya yi zuƙowar a kwamfuta. Tunda a ɗigo 1920 da 1080 za mu miƙa aikin, hoto mai 3840 da 2160 zai iya matsowa har ninki biyu bai fashe ba, kuma a yi ta a daƙiƙa talatin ko sittin, yadda ransa ke so. Ni a ganina abin da yake nema ma ba zum ba ne, so yake kyamara ta taka ta matso kusa da tsohon, bango da ramuka suna gogewa ta gefe. Zum ba ya yin haka, girman hoto kawai yake ƙarawa. Amma shimfiɗa layin tura kyamara a tsakanin ramukan rini, da mutane suna aikinsu, wannan rigima ce ta daban.

Ya zaɓi 4K. Ya ce, "Yallabai, katin zai ɗauka kuwa?" Ba zai ɗauka ba, hirar tsohon doguwa ce, don haka gobe da safe sai na aro ƙarin kati biyu. Kyamarar za ta tafi wurin Baba ranar Asabar idan mun gama.