Abin da takardun Huizhou suka koya mini

A shekarata ta biyu ina karatun tarihi a ƙasar Sin, malamarmu ta miƙo mini hotunan tsofaffin takardun cinikin gona, ta ce in rarraba su bisa inda suka fito. Na buɗe taswira a waya, na ga Wuyuan a jihar Jiangxi, sai na ware takardunta gefe guda. Da ta zo dubawa ba ta yi faɗa ba. Yatsa kawai ta ɗora a kan takardar harajin da aka liƙa wa ɗaya daga ciki, ta ce in karanta. Baƙaƙen sun ɗan koɗe, amma ga shi ɓaro-ɓaro: lardin Huizhou, gundumar Wuyuan.

Ashe taswirar yau ce ta ɓatar da ni. Huizhou ya samu wannan suna a 1121, zamanin daular Song, bayan murƙushe tawayen da wani mai suna Fang La ya jagoranta. Gundumomi shida ne a ƙarƙashinsa: She, inda hakimin lardin yake zaune, sai Xiuning, Yi, Qimen, Jixi da Wuyuan. Kusan shekara 800 suna tare, har aka rushe tsarin lardunan a 1912. A 1934 aka yanke Wuyuan daga jihar Anhui, inda sauran gundumomin suke, aka ba Jiangxi. Mutanenta suka yi ta kai kuka har aka mayar da su Anhui a 1947, sai kuma aka sake ɗauke su aka ba Jiangxi a 1949.

Da na haɗe takardun gundumomin shida wuri ɗaya, sai suka fara yi mini magana. Ƙasa ce ta duwatsu, filin noma bai taka kara ya karya ba, shi ya sa a wancan zamani ake rubuta cinikin ɗan tsurut ɗin gona da shaidu, dangi su adana takardar kaka da kakanni. Shi ya sa kuma a da yaro ɗan shekara 13 ko 14 ake tura shi fatauci, ya girma cikin cinikin gishiri a Yangzhou, ko ganyen shayi, ko katako. Raba Wuyuan da 'yan uwanta da na yi, raba hanta da jini ne, kuma abin ya tsaya mini a rai.

Kwana uku na yi ina sake aikin. Yanzu duk takardar da ta shigo hannuna, sunan sarkin da ke kan mulki da shekarar sarautarsa nake fara nema a gefen hagu, kafin in taɓa taswira.