Zafin Fabrairu da grenache ɗin da ya kuɓuce mana a Barossa

Har yanzu raina yana ɓaci idan na tuna da ruwan inabin grenache da ya kuɓuce wa gidan abincin da nake aiki a birnin Adelaide na ƙasar Ostireliya, domin ba rashin kuɗi ne ya hana mu shi ba, kuma ba rashin kyansa ba ne, zafin rana ne da taurin kan wanda ya shirya ɗanɗanon. Ni Kirista ne, kuma zaɓen ruwan inabin da za a kai wa baƙi a tebur yana cikin aikin da ake biyana dominsa, saboda haka wanda addininsa ya hana shi sha sai ya ɗauki wannan a matsayin labarin sana'a. A wajen ɗanɗano ma ba a haɗiyewa, kurɓa ake yi a juya a baki a tofar a bokiti, in ba haka ba kafin a kai ƙarshen layin kwalabe hankali ya gushe.

A watan Fabrairu ne, lokacin da zafi a jihar Kudancin Ostireliya kan wuce digiri 40, wani dillali ya gayyace mu, ni da maigidana, zuwa kwarin Barossa, tafiyar kimanin awa ɗaya a mota daga birni. Ya jera kwalaben a wata rumfa mai rufin kwano tun da hantsi, farare a cikin ƙanƙara, jajaye kuwa a kan tebur kawai, ba abin da ya raba su da iskar waje.

Farin ruwan inabin riesling bai ba ni wahala ba. Ya fito daga ƙanƙara da sanyin da ya rufe ƙamshinsa, amma wannan gyaransa mai sauƙi ne, sai mutum ya rungumi kofin da tafin hannu na ɗan lokaci har ya hau zuwa digiri 8 ko 10. Sababbin na kwarin Clare da na Eden sun zo yadda aka san su: ƙamshin lemun tsami, tsami mai kaifi da ke sa yawu ya tsinke, babu zaƙi, barasa wajen kashi 12 cikin ɗari. Da aka kawo wani da ya shekara kusan goma a kwalba, wata ma'aikaciyar wani gidan abinci ta ture kofinta, ta ce ya lalace domin yana warin man fetur. Ni kuwa na ji kananzir sarai, kuma duk wanda ya yi karatun dare da fitilar ƙwai ba ya bukatar a koya masa wannan wari. Wani sinadari ne da ake kira TDN, wanda ke ƙaruwa yayin da riesling yake tsufa, musamman idan inabin ya sha rana sosai, kuma idan bai yi yawa ba har ya danne ƙamshin zuma da na gasasshen burodi da ke ƙarƙashinsa, alama ce ta girma. Kwalbar tana da murfi mai murɗawa, irin wanda masu yin riesling na Clare suka haɗu suka koma wa a 2000 bayan sun gaji da ɓarnar da toshiyar ɓawon itace take yi musu. Mun saya, kuma na yi alfahari da hancina a ranar.

A kan jajayen ne abin ya lalace. Dillalin ya fara zuba shiraz, wai domin shi ne sunan Barossa kuma shi mutane suka zo nema. Ba na musun darajarsa, domin a wannan kwari akwai kurangar shiraz da aka dasa tun 1843 kuma har yau tana ba da 'ya'ya, saboda ƙwaron filoksera da ya cinye gonakin Turai bai taɓa shiga jihar ba. Amma shiraz na Barossa abu ne mai nauyi, baƙi ƙirin a kofi, barasarsa ta kan kai kashi 14.5 ko 15, ya kwanta a gangar katako ya ɗauki ƙamshinta, kuma yana barin bauri a dasashi kamar na goro, wanda kurkure baki da ruwa ba ya wanke shi nan take. Ɗaya kawai daga tudun Eden ne ya ba ni ƙamshin masoro, wanda ke fitowa daga sinadarin rotundone da masu bincike na Adelaide suka bayyana a 2008, kuma sun gano cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar ba ya jin sa ko kaɗan. Ina zargin maigidana yana cikinsu, amma ban taɓa faɗa masa ba.

Bayan duk wannan nauyi, da rana ta take, sai aka zuba grenache. Inabi ne mai siririn ɓawo, launinsa ja ne mai haske har ana hango yatsa ta cikin kofi, baurinsa kaɗan ne, amma barasarsa ba ta gaza ta shiraz ba, domin yana tara sukari sosai kafin ya nuna. Wannan haɗin ne ya sa zafi ya fi cutar da shi. Shiraz yana da kauri da zai ɓoye barasa ko da ya ɗumama, grenache ba shi da inda zai ɓoye ta. Kwalbar da na taɓa tana da ɗumi a hannu, kuma abin da ya fara bugun hanci shi ne tururin barasa, a baki kuma ya zama lami, ga zafi a maƙogwaro. Duk da haka, can ƙasa na ji wani abu mai kama da jajayen 'ya'yan itace da busasshen ganye, wanda ya sa na ƙi yarda cewa iyakarsa ke nan.

Na roƙi dillalin ya tsoma kwalbar a ƙanƙara na minti goma. Ya yi murmushi ya ce ba a sa jan ruwan inabi a ƙanƙara, a zafin ɗaki ake shan sa. Wannan magana ce ta fi ƙona mini rai, domin ɗakin da ake nufi a wannan tsohuwar ƙa'ida ɗakin Turai ne mai digiri 16 zuwa 18, ba rumfar kwano a Fabrairu ba, kuma grenache ma ya fi son ƙasa da haka, wajen 14 zuwa 16. Maigidana bai so a ja zance a gaban mutane ba, ya rubuta cewa ya yi zafin barasa, ya wuce shi, muka yi odar shiraz da riesling muka tafi.

Na sayi kwalba ɗaya da kuɗina, na sa ta a firiji kimanin rabin awa, na ɗanɗana da baki mai tsabta kafin in ci komai. Ƙamshin sitiroberi da na fure ya tashi, tsaminsa ya fito ya riƙe shi, barasar ta koma inda ya kamata, ɗanɗanon kuma ya daɗe a baki bayan na tofar. Na kai wa maigida ragowar, ya kurɓa ya yi shiru, sannan ya ɗauki waya. An riga an raba kason, wasu gidajen sun kwashe.

Irin wannan grenache ba a samun sa da yawa, kuma dalilin yana cikin tarihi. Shekaru da dama an ɗauke shi inabin talaka, ana zuba shi cikin ruwan inabi mai zaƙi da ake ƙara wa barasa, har a shekarun 1980 gwamnatin jihar ta biya manoma su tumɓuke tsofaffin kurangu, kuma grenache na cikin waɗanda suka fi shan gatari. Abin da ya tsira kaɗan ne, gajerun kurangu marasa wayar da ke tallafe su, da ake tsinka da hannu, 'ya'yansu ba yawa. Wanda muka rasa daga kurangar da ta haura shekara 70 yake, kuma mai shi ba ya ƙara yawan abin da yake yi don wani ya makara.

Yanzu ba na zuwa ɗanɗano sai da ƙaramin ma'aunin zafi a aljihu, kuma ina tsoma shi a kofi a gaban kowa, ko da za a ga kamar rashin kunya ne. Idan an jera shiraz kafin grenache, nakan sauya jerin da kaina: riesling da farko, grenache a tsakiya, shiraz a ƙarshe, domin mai bauri ba ya shiga gaban marar bauri. Duk jan da na ji barasarsa ta yi tsalle, ba na rubuta hukunci a kansa sai na sanyaya shi na sake gwadawa. A gidan abincinmu kuma grenache yana shiga firiji na ɗan lokaci kafin ya je tebur, kuma har yanzu akan sami baƙon da zai kira ni ya ce an yi kuskure an kawo masa ja da sanyi, sai in roƙe shi ya kurɓa tukuna kafin in mayar.