Abin da ginin ƙasa na Wusasa ya koya mini

Ina shekara ta biyu a karatun zanen gine-gine a Zariya aka ba mu aikin auna wani tsohon gini mu zana shi. Rukuninmu ya samu tsohon cocin St. Bartholomew na ɗariƙar Angilikan da ke Wusasa. Tun kafin mu isa na riga na gama zana shi a kaina: dutse, hasumiya mai tsini, tagogi masu gilashi kala-kala, irin cocin ƙauyukan Ingila da ke cike da littattafanmu. Da muka shiga sai na ga ginin ƙasa, mai bango kauri da sanyi kamar soron wani babban gida a cikin birni.

Tarihinsa ya bi sawun Likita Miller na mishan ɗin CMS, ƙungiyar masu bishara ta cocin Angilikan ta Ingila, wanda ya zauna a cikin birnin Zazzau tun 1905. A 1929 mishan ta koma bayan ganuwa, gindin dutsen Wusasa, a nan ne cocin ya tashi, ga makaranta ga asibiti. Shekara uku bayan haka, a 1932, aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Miller ya daɗe a kansa. A wannan gari Yakubu Gowon ya girma, mahaifinsa yana aikin bishara.

Amma ba tarihin ne ya tsaya mini a rai ba, awon ne. Na ɗora tef a gindin bango na rubuta, na hau tsani na sake aunawa, lambar ta ragu. Na ɗauka hannuna ne ya karkace, na maimaita har sau uku. Wani dattijon magini da muka roƙa ya raka mu yana tsaye yana kallona.

"Baba, bangon nan bai miƙe ba," na ce masa.

"Ɗana, bango mai ɗaukar nauyi gindinsa ake ba ƙarfi. In ka jera tubali kai ɗaya har sama, damina biyu ba zai gani ba."

Daga nan ya kai ni ƙarƙashin bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke riƙe da rufi. A aji an koya mana bakan Rumawa, inda dutse ke danne dutse har a rufe da na tsakiya. Na Hausa dabam yake. Azara ce ta giginya, wadda gara ba ta iya mata, ake dasawa cikin bango, a ɗaure wata a kan wata kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, har na hagu da na dama su haɗu a sama, sannan a lulluɓe da ƙasa. Azara ɗaya ba ta iya tsallake faɗi mai yawa, don haka faɗin ɗakin duka ya dogara ne ga gwanintar ɗaurin. Wannan ita ce hikimar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya kai ƙololuwa a Masallacin Juma'a na Zazzau zamanin Sarki Abdulkarim. Ni Musulmi ne, na sha yin salla a masallacin nan, amma sai a coci na fara ɗaga kai in tambayi abin da ke riƙe da rufi. Har yau abin yana ba ni kunya, yana kuma faranta mini rai cewa sana'a ɗaya ta yi wa masu ibada biyu rumfa.

Dattijon ya kuma ce ginin ƙasa kamar dabba yake, sai da kiwo: a duba indararo kafin ruwan fari, a toshe tsaga, a sake yaɓe, a shafa makuba, wato shafen da ake haɗawa da ɓawon ɗorawa. Masu wannan aiki raguwa suke yi, kuma a darussanmu siminti da rodi sun cinye kusan duk lokacin.

A takardar da na miƙa, kowane bango na ba shi awo uku, gindi da tsakiya da kai. Ranar Juma'ar da ta biyo na sammaka zuwa masallacin birni, tef ɗina a aljihu.