Kafin ka miƙa wa malamin lesin kuɗinka

Akuya ce ja, mai ciki, wadda Inna ta fi shekara uku tana kiwo a bayan ɗakinta. Ranar da Kawu ya ja ta zuwa kasuwar Gujungu ina tsaye a ƙofar gida, na kuma san saboda ni za a rabu da ita. Na shiga ajin ƙarshe na sakandare, WAEC da NECO na tafe, ga shi a makarantarmu ta jeka-ka-dawo mun yi zango biyu cur babu malamin lissafi. Baba ya ƙara da buhun riɗi guda. Aka haɗa kuɗin aka kai wa wani malami da ya buɗe lesin a garin da ke gaba da ƙauyenmu, aka biya shi na wata shida a dunƙule.

Ni na zaɓe shi da kaina, kuma Turancinsa ne ya ja ni. In ya buɗe baki sai ka rantse rediyon ƙasar waje aka kunna. Ga tsafta, ga jaka a rataye, ga shi ya rubuta a jikin bango cewa darussa tara yake koyarwa, tun daga lissafi har tattalin arziki. Mu wajen hamsin ne a wani ajin firamare da ya ara, daga la'asar zuwa magariba. Ya cika allo da rubutu, mu kwafa. Ya ce "kun gane?", mu amsa baki ɗaya "mun gane". Littafi uku masu kauri na cika. Duk dare Inna takan ce, "Ya karatun?" in ce, "Alhamdu lillahi, Inna." Har zuciyata na ɗauka gaskiya nake faɗa mata, tunda ina ganin littafi yana cika.

Sai a ɗakin jarrabawa gaskiya ta yi halinta. Aka raba takardar lissafi, na duba tambayar farko, na san na taɓa ganin irinta, har ina iya tuna gefen allon da Malam ya tsaya ranar da ya warware ta. Hannuna ya ƙi motsi. Wata shida ina kallon wani yana lissafi, ni ban taɓa rufe littafi na yi ko guda ɗaya da kaina ba. Akwatin kayan zanen lissafi da Baba ya saya min, ranar na fara buɗe shi da niyyar aiki. Sakamako ya fito, F9 a lissafi, D7 a Turanci, a NECO ma ba ta sauya zani ba. Daga A1 zuwa C6 ne ake kira kiredit, jami'a kuwa biyar take nema, kuma a lokacin dole da Turanci da lissafi a ciki. Inna ba ta ce komai ba sai "Allah ya sa haka ne mafi alheri." Da zagina ta yi, da ya fi min sauƙi.

Ƙannena, abin da ya fi ci min rai shi ne, ma'aunin gane malamin kirki yana hannuna tun ina ɗan shekara shida, na ajiye shi gefe. A makarantar allo wa yake wanke allonsa don kawai ya ce ya gane? Sai ka durƙusa gaban Malam ka biya da bakinka. In ka yi tuntuɓe a aya ɗaya, ya gyara maka ya mayar da kai. Sai karatu ya zauna sannan a ce ka wanke, a ɗora maka na gaba. Ba mu taɓa auna alaramma da zaƙin muryarsa kaɗai ba, da almajiransa ake gane shi. Amma da aka zo boko sai na ɗauka wata doka ce daban, na bar kunnena ya zaɓa min malami.

Bayan kaka Kawu ya kai ni wurin wani dattijo da ya yi ritaya, ya daɗe yana koyar da lissafi a sakandaren gwamnati. A zaurensa muka same shi a kan tabarma, allonsa wani ɗan katako ne da aka baƙanta da gawayi. Kawu ya fara maganar kuɗi, ya ɗaga masa hannu ya ce a bari tukuna. Ya yago takarda, ya rubuta 1/2 + 1/3, ya miƙo min biro. Na haɗa sama da sama, ƙasa da ƙasa, na rubuta 2/5. Bai yi dariya ba, bai kuma ɓata fuska ba.

"To, ɗana, da wannan hanyar taka, rabi da rabi nawa ke nan?"

Na rubuta 2/4.

"Biyu cikin huɗu ai rabi ne, ko?"

"Haka ne, Allah ya gafarta Malam."

Ya aiki wani yaro cikin gida ya kawo kwanon awo da gero a ƙwarya. Ya auna rabin kwano, ya sake auna rabi ya zuba a kai, kwano ya cika. Ya ce, "In ka kai wa mai awo rabi biyu ta ce maka rabi ɗaya ne, za ka yarda?" Na sunkuyar da kai. Ya juya wajen Kawu ya ce, "Ciwon yaron nan ba a sakandare yake ba, a firamare aji huɗu yake. Can za mu koma, in zai iya haƙuri."

Mako shida muka yi a kan ɓangaren lamba da jadawalin sau da lambobin ƙasa da sifili. Da farko abin ya yi min ƙasƙanci, ina saurayi ana ba ni aikin ƙannena. Amma kullum sai ya ba ni tambaya goma, kashegari ya zauna da jan biro ya bi su layi-layi, ba amsar kaɗai ba, har matakin da na kauce. Da Hausa yake bayani har sai abin ya shiga, sannan ya sa in rubuta shi da Turancin da za a tambaye ni da shi. Magana kaɗan yake yi, biro ya fi daɗewa a hannuna fiye da alli a hannunsa. Da na sake zama NECO ta 'yan waje, wadda ake yi a ƙarshen shekara, na samu kiredit ɗina biyu.

Don haka in ka je wurin malami, lura da abin da zai fara yi. Wanda ya fara auna ka kafin ya koyar da kai, ya san aikinsa. Wanda ya buɗe littafi kawai ya kama daga shafin farko, bai damu da inda kake ba. Ka nemi a ba ka mako biyu na gwaji. In sun cika, ka rufe littafi, ka ɗauko tsohuwar takardar jarrabawa, ka gwada abin da aka koyar da kai kai kaɗai. In ka iya abin da da ba ka iya ba, ka zauna. In har yanzu sai kana kallon allo kake ganewa, juma'ar da za ta yi kyau tun daga laraba ake gane ta.

Takardar shaida ma tana da muhimmanci, kuma tambayarta ba rashin kunya ba ne in an yi cikin ladabi. Ka bar babba ya tambaya, Baba ko Kawu ko Yaya. Mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Najeriya ita ce NCE, irin wadda ake samu a kwalejojin ilimi kamar ta Gumel da ta Bichi, kuma akwai hukumar TRCN da ke yi wa malamai rajista. Amma abin tambaya na gaskiya shi ne, a wane fanni? Yawancin masu NCE darasi biyu suke haɗawa, kamar lissafi da fizis. Mai digiri a kimiyyar siyasa mutum ne mai ilimi, sai dai ba shi zai koya maka kimistiri ba. Wanda ya ce duka taran ya iya, ka tuna mai maganin kasuwa da lasifikarsa, ƙulli ɗaya na basir da shawara da ciwon baya. Kai ma ba duka taran kake buƙata ba. Ka zuba ɗan abin da ke hannunka a kan darasi biyu ko uku da suka fi ba ka wahala.

Ka tambaye shi manhajar jarrabawar da za ka zauna, ka ga ko yana da ita a hannu. WAEC da NECO da JAMB kowacce da tata, 'yan makarantun Arabiyya kuma ga ta NBAIS. WAEC har rahoton manyan masu duba takardu take fitarwa, inda suke bayyana wuraren da ɗalibai suka fi faɗuwa a kowane darasi, kuma malami mai bibiya ya san da shi. A Turanci kuwa kada zaƙin baki ya ruɗe ka kamar yadda ya ruɗe ni. Insha'i mai kalma wajen 450 za a ce ka rubuta, ga taƙaita labari, ga amsa tambayoyin fahimta. Malamin da bai taɓa karɓar wasiƙar da ka rubuta ya tafi da ita gida ya dawo maka da ita da gyara ba, hira kawai kuke yi.

Wani abin da ya ƙara min ganin girman dattijon nan shi ne ranar da na yi masa maganar JAMB. Ya ce, "Lissafin zan ba ka, amma kwamfuta ba fannina ba ce. Je ka nemi yaron nan ɗan bautar ƙasa." Gaskiya ya faɗa, domin tun 2015 a kwamfuta ake yin jarrabawar. Darasi huɗu ne, tambaya 180, Turanci 60, sauran ukun 40 kowanne, cikin awa biyu, a kan maki 400. In ka raba, daƙiƙa 40 ke nan kowace tambaya. Ɗan ƙauyen da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba, tsoro kaɗai zai cinye masa minti goma. Ɗan bautar ƙasan ya riƙa ba mu tasa muna gwadawa da agogo a gefe. Shi ya duba min kundin JAMB ya tabbatar da haɗin darussana, domin mai son likitanci Turanci da fizis da kimistiri da bayoloji zai ɗauka, mai son injiniya kuma lissafi ne a madadin bayoloji, kuma kuskure a nan yakan hana mutum gurbi ko da makinsa ya yi kyau. Sai dai ka sani shekara ɗaya 'yan bautar ƙasa suke yi, ka tambayi watan da zai gama kafin ka dogara da shi kacokan.

Kuɗi kuwa, wata-wata za a biya, ko da an yi maka ragi a kan na dunƙule. Tun a wata na biyu zuciyata ta fara raya min cewa ba na ƙaruwa a lesin na farko, amma kuɗi sun riga sun tafi, ga kunyar in ce wa Baba an yi asara. Na yi shiru, asarar ta ninka. A yi magana a gaban babba: kwana nawa a mako, awa nawa, ɗalibai nawa. In kuɗin malami ɗaya sun fi ƙarfin gidanku, ku haɗu ku biyar ko shida. Da zarar an haura goma sha biyar, babu mai iya duba littafin kowa kullum.

Akwai kuma wanda zai ja ka gefe dab da jarrabawa ya ce ka kawo wani abu, zai samo amsa, ko ya kai ka wata cibiya da ake "taimako". Mu ma an yi mana tayin, rashin kuɗi ne ya tsare ni, ba ƙarfin imani ba, ina kuma gode wa Allah da ya tsare ni ta nan. Satar amsa laifi ne a dokar hana maguɗin jarrabawa ta 1999, hukumomin jarrabawa suna riƙe sakamako su kuma soke shi, ga alhakin ha'inci a kanka. Daga ranar da malami ya yi maka wannan maganar, ka san ya fitar da rai daga koyar da kai.

Wajen nema, kada ka tsaya a rubutun jikin bango. Ka sami waɗanda suka ci jarrabawa bara a garinku, ka tambaye su wa ya koya musu, ka tambayi waɗanda suka faɗi su ma. Yayyenku da ke karatu a BUK ko Dutse ko Kafin Hausa ko Wudil suna dawowa hutu, da yawansu za su zauna da kai saboda Allah in ka nuna da gaske kake. Kuma ka fara da kaka, lokacin da aikin gona ya lafa kuma akwai ɗan abin hannu. JAMB takan zo a bazara, WAEC wajen Mayu da Yuni, NECO na bin bayanta daidai lokacin shuka da noman fari. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Bana ƙanwata ce a ajin ƙarshe. Mun haɗa ta da ƙawayenta huɗu, mun samo wata malama mai NCE a lissafi, a zauren gidanmu suke yi da rana, ƙofa a buɗe, don hankalin iyayen kowa ya kwanta. Inna ba ta yi boko ba, amma na nuna mata abu ɗaya: ta riƙa buɗe littafin tana neman jan biro. In ta ga shafi uku a jere babu ja, ta gaya min. Ni kuma duk juma'a nakan zaɓi tambaya biyar daga aikin makon, in sauya lambobin, in ce ta yi a gabana littafi a rufe. Makon jiya ta ci huɗu. Ta biyar, ta kusurwoyin cikin da'ira ce, ta kwafe ta a takarda za ta koma da ita wurin Malama ranar asabar.