Daƙiƙa biyun da na yi mako uku ina yankawa

A cikin kwalin tsofaffin kaset na yayana na fara cin karo da sunan Rob Base da DJ E-Z Rock, masu waƙar rap na Amurka. An rubuta shi da biro a jikin wani kaset da takardarsa ta yi ja don tsufa. A lokacin ina koyon haɗa kiɗa a kwamfuta a wani ƙaramin situdiyo a Kaduna, kuma maigidana ya ba ni aiki: in zaɓi tsohuwar waƙa guda, in warware ta, in sake gina kiɗanta da hannuna. Na zaɓi "It Takes Two", wadda suka fitar a 1988 a ƙarƙashin kamfanin Profile Records. Na ɗauka aikin yini guda ne.

Su biyun 'yan unguwar Harlem ne a birnin New York, abokai tun suna firamare. Sunan Rob Base na yanka Robert Ginyard, shi ke riƙe da makirfo. E-Z Rock kuwa Rodney Bryce ne, shi ke kan faifai. Kafin wannan waƙa sun fitar da "DJ Interview" da "Make It Hot", waɗanda ba su yi nisa ba.

Da na zauna da waƙar sai na gano cewa ƙashin bayanta gaba ɗaya wani ɗan guntu ne da bai fi daƙiƙa biyu ba, ana ta maimaita shi. An ciro shi daga "Think (About It)", waƙar Lyn Collins ta 1972, wadda James Brown ya shirya, Jabo Starks kuma ya buga ganga. A wurin ne sauran kayan kiɗa ke yin shiru, a bar ganga da kacau-kacau da ihun maza biyu. Na nemo asalin waƙar, na yanko wurin, na jera shi. Bai zauna ba.

Kowane zagaye sai in ji kamar kiɗan ya yi tuntuɓe. Na ce to matsalar daga makaɗin take, tunda hannun mutum ba inji ba ne. Sai na sa kwamfuta ta daidaita kowane bugu ya faɗa daidai kan layi. Tuntuɓen ya tafi, amma da shi rai ya tafi. Abin da ya rage kiɗa ne mai tsabta wanda ba ya motsa ko ɗan yatsa. Maigidana ya saurara sau ɗaya ya ce, "Kai yaro, ka yi wa kiɗan nan wanka har ka kashe shi. Mayar da shi yadda ka same shi." Na ce, "Oga, ai a karkace yake." Ya ce karkatar ita ce mutane ke rawa a kai.

Sai da na kwashe mako uku kafin na fahimci laifin nawa ne. Ina yanka ne da ido, ina bin zanen sauti a allon kwamfuta, alhali mutanen 1988 da kunne suka yanka. Ranar da na juya wa allon baya, na matsar da wurin yankan kaɗan-kaɗan ina saurare, sai guntun ya rufe da kansa kamar zobe. Wani mai gyaran janareta da ke aiki a waje ya leƙo yana kaɗa kai. Tun daga ranar ba na taɓa gangar da mutum ya buga da hannu sai in dole.

Daga nan na bi sauran waƙoƙinsu. "It Takes Two" lamba 36 kawai ta kai a babban jadawalin waƙoƙin da suka fi kasuwa na mujallar Billboard ta Amurka, amma ta sayar da fiye da kwafi miliyan ɗaya, kuma har yau ana sa ta a bukukuwa. "Get on the Dance Floor" ce ta hau lamba ɗaya a jadawalin kiɗan rawa a 1989, ta fi gudu, ta fi karkata ga gidajen rawa. "Joy and Pain" kuwa ta ari amshinta daga waƙar ƙungiyar Maze ta Frankie Beverly. A 1989 Rob Base ya fitar da kundin waƙoƙi The Incredible Base shi kaɗai, sannan suka sake haɗuwa a 1994 da Break of Dawn, wanda bai samu kasuwa ba. A kunnena, kundin da ya yi shi kaɗai yana da ƙarfin murya, amma akwai gurbin da ba a cike ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne batun aro. Sun yi aikinsu kafin hukuncin 1991, lokacin da wata kotu a New York ta yanke wa mawaƙin rap Biz Markie cewa ɗaukar guntun waƙar wani ba da izini ba laifi ne. Bayan nan kamfanoni suka koma neman izini kafin su fitar da komai. Ni kuma da na gama nawa, wani mawaƙi ya so ya saya ya ɗora murya a kai. Na ƙi. Gangar ba tawa ba ce, ta Jabo Starks ce, kuma mutane da yawa sun yi rawa da hannunsa ba tare da sun taɓa jin sunansa ba. Wannan yana damuna ƙwarai.

E-Z Rock ya rasu a watan Afrilun 2014 yana da shekara 46, bayan fama da ciwon sukari. Lyn Collins ta riga shi a 2005, Jabo Starks ya bi su a 2018. Yanzu ni ma ina da yara biyu da nake koya wa aiki, kuma wannan guntun nake fara ba su. Kafin su taɓa kwamfuta, sai na sa sun rubuta sunayen mutum huɗu a takarda: mawaƙiyar, makaɗin, mai faifai da mai makirfo.