Yadda burkin baya ya kai ni gareji a Sakkwato

Ɗaurin auren ɗan kawuna ne ya kai ni Sakkwato a ƙarshen makon jiya, da tsohuwar Golf 3 ɗina. Daga Kano na bi ta Malumfashi na faɗa Funtuwa, sai Tsafe, Gusau, Talata Mafara. Duk mai bin hanyar nan yanzu ba ya yarda dare ya same shi, don haka ko ruwa ban tsaya sha ba. Bayan na wuce Tureta ne na fara jin ƙauri, motar kuma ta yi nauyi, ina taka totur tana ja da ƙyar.

Dab da shiga gari wani jami'i ya tare ni a shingen bincike. Ko amsa sallamata bai yi ba, ya karɓi takardu ya tafi inuwa ya zauna, ya bar ni cikin ranar Sakkwato, wadda zafin Kano bai kama ƙafarta ba. Ina tsaye na kai hannu kan ƙarfen tayar baya ta hagu, na janye da sauri saboda zafi. Ta dama kuwa lafiya lau. Da ya ga dama ya miƙo min takarduna ba tare da ya ce uffan ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin baƙo ba ya cancanci haka a ƙofar garin Shehu.

Washegari da sassafe kawu ya haɗa ni da wani dattijon bakanike da ya daɗe yana yi masa aiki. Na ce masa, Baba, burkin hannu ne ba ya riƙewa, a ɗan ɗaure min waya. A Kano da tuni an ɗaga robar da ke gindin sandar burkin, an murɗa noti biyu, an karɓi kuɗi. Shi sai ya sa yaronsa ya ɗaga bayan motar da jak, ya juya tayoyin da hannu. Ta dama ta yi ta juyawa, ta hagu ta cije. Ya dube ni ya ce, "Alhaji, wagga mota ba waya kaɗai ka damunta ba."

Na samu benci na zauna ina kallo. Dirom ɗin Golf, wato ƙarfen nan mai kama da kwano da takalman burki ke matsawa daga ciki don tsayar da taya, ba ya fitowa sai an cire murfin tsakiya da fil da noti da boris. Kafin ya ja shi, ya zura sukuddireba ta ramin notin taya ya ɗaga wani ɗan ƙarfe mai tsini da ke daidaita takalman burki, suka saki, dirom ya fito ba guduma ba duka. Ni ban taɓa ganin an cire shi ba tare da an bubbuge shi ba. A hagu, wayar burkin hannu ta maƙale cikin rigarta saboda ƙura da tsatsa, ko an sauke sanda ba ta komawa, shi ya sa layin burkin, wato abin da ke manne a jikin takalman, yake ta gugar dirom tun daga hanya har ya ƙone ya yi sheƙi. A dama kuma robar silindar da ke tura takalman ta lalace, man burki ya zubo ya jiƙa layin sharkaf. Gefe ɗaya ya kama ya ƙi saki, ɗaya ba ya kamawa sam.

Na tambaye shi ko a wanke na daman da fetur a mayar. Ya ce a'a, layin da ya sha mai ya gama aiki, kuma ba a canja gefe ɗaya a bar ɗaya, in ba haka ba mota za ta riƙa karkata duk lokacin da aka taka burki. Abin da ya fi burge ni shi ne da yaronsa ya sunkuya zai hure ƙurar da baki, ya daka masa tsawa ya sa shi ya goge da jiƙaƙƙen tsumma, don ƙurar layin burki tana cutar da huhu. Gefe ɗaya Baba ya fara kwancewa, ya bar ɗayan a haɗe yana dubawa, don kada sifirin ya koma inda ba wurinsa ba. Sai da ya goge bakin dirom da sanfefa, ya sa sabon giris a boris, ya cire iska daga burki, aka tattaka feda takalman suka zauna, sannan ya taɓa notin waya. Ya ce waya ce ƙarshen aiki, wanda ya fara da ita ɓoye ciwo kawai ya yi. Na yarda da shi ɗari bisa ɗari, kuma ina ganin yawancin masu motoci a wajenmu burkin gaba kawai suka sani, na baya sai ya yi kuka ake tunawa da shi.

Kayan gyara dai sun fi tsada a can. Mai shagon ya faɗi kuɗin waya da silinda har na ɗauka wasa yake yi, ya ce ai daga Kano ko Legas ake kawo musu. Baba ya karɓi cinikin, ya ƙi wata waya mai araha saboda rigarta ba ta da kauri, ya sa aka rage min kuɗi sosai a kan mai kyaun. Kuɗin aikinsa kuwa bai kai abin da zan biya a gida ba, ga fura da nono da ya aika aka sayo min, ya rantse ba zan biya ba. Sakkwatawa suna da saurin magana da za ka ɗauka faɗa ne, amma wajen karrama baƙo sun yi mana nisa.

An ɗaura aure lafiya. Na samu na ziyarci Hubbaren Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya rasu a 1817, na wuce ta gaban fadar Sarkin Musulmi, na sayi takalman fata a kasuwa da rahusa. Albasa ma na cika but da ita.

A dawowa na tsaya a Gusau na taɓa tayoyin baya, duka biyu ɗumi kaɗan. Man da na sha ma ya kai ni nesa fiye da na zuwa. Na isa Kano kafin la'asar.